Ledar Da Na Yi Wa Ajiyar Zinare

Ba zan taɓa mantawa da ranar da leda ta kwance min zani a kasuwa ba.

Lokacin ina fawa a mayankar Trans-Amadi, nan Fatakwal, harkar mai tana kan ganiyarta. Wata rana ma'aikatan wani kamfanin mai suka zo wayar mana da kai kan shara, suka ba kowa leda koriya shar mai hoton ganye. Wata mata ta yi ta bayani da Turanci, wai ledar da kanta take ruɓewa, ba ta toshe kwata. Ni dai kyan ledar nake kallo (ban fahimci komai ba, amma na fi kowa gyaɗa kai).

Abokaina a ranar suka ƙulla wa masu saye nama a nasu. Ni kuwa, sarkin dabara, na ninke tawa na soke a ƙarƙashin kwanon rufin ɗakina a Borokiri, na ce sai babbar rana. Damina ta wuce, wata ta zo, zafin kwano yana ta gasa ta.

Babbar ranar kuwa ta zo. Zan je gaida Alhaji Sule, dillalin shanu, mahaifin Hajara da nake nema. Mahauci ba ya zuwa gidan surukai hannu rabbana, don haka na zaɓo hanta da ƙoda da tumbi na zuba. Na ji ledar tana ƙaras-ƙaras kamar busasshen ganye, na ce ai haka kayan Turawa suke. Na tallabo ta a tafin hannu har ƙofar gidan.

Na tarar da Alhaji a kan darduma tare da baƙi, cikin farar shadda. Na cire takalmi, na durƙusa, na kama hannayen ledar na miƙa.

"Barka da hutawa, Alhaji. Ga ɗan abin miya."

Ba yagewa ta yi ba, marmashewa ta yi. Hanta ta dira a cinyar Alhaji, tumbi ya rufe masa carbi. Ni kuma ina durƙushe riƙe da hannayen leda, ina ci gaba da miƙawa (har yau ban san me nake jira ya karɓa ba). Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Wata maƙwabciya ta leƙo ta ce, "Chineke! Aboki, na so una dey greet in-law?" (wai haka muke gaida surukai?)

Alhaji ya ɗaga hantar da yatsa biyu, ya jujjuya ta. "Hantar dai lafiyayya ce," in ji shi. "Mai ita ne ban sani ba."

Da ƙyar da siɗin goshi aka ba ni Hajara. Na dai koyi cewa abin da aka yi shi don ya ruɓe ba ya jiran babbar ranar kowa. Har yau in za mu kai wa Alhaji nama, a kwano Hajara take zubawa, kuma ita take riƙewa.