Rasuwar Ɗan Tsuwwa, Ƙwallon Sajan

Da zuciya mai nauyi, da baƙin cikin da ya hana ni zura zare a allura tun shekaranjiya, ni tela mai shago a ɗakin gaba na gidanmu, a madadin matata da Baba da karenmu Sajan, nake sanar da 'yan uwa da maƙwabta da masu kawo ɗinki rasuwar Ɗan Tsuwwa, jan ƙwallon roba mai rami a ciki. Ya rabu gida biyu ranar Laraba da hantsi a kan teburin kicin, bayan shekara biyu da wata huɗu yana aiki ba hutu.

Waɗanda ba su san marigayin ba, za su ce roba ce kawai. Ina roƙonsu su saurari yadda ya shigo gidan nan.

Bayan rasuwar Mama, Baba ya dawo wurinmu da zama. Ya zo da akwati ɗaya, da rediyonsa, da Sajan, wanda Mama ta raina tun yana ɗan kwikwiyo. Baba ya samu kujera a baranda ya zauna, ba ya magana sai an tambaye shi. Sajan kuwa da ya rasa abin yi, sai ya nemo wa kansa. A makon farko ya cinye tef ɗin awona har inci arba'in. A na biyu ya ja yadin wata mata ƙarƙashin gado, ya yi masa irin adon da ba ta ce a yi ba. Ga haushi tun safe har rana ta take. Maƙwabciyarmu nas ce, da rana take samun barci. Ta zo sau biyu da fara'a. A na uku ta bar fara'ar a gida, ta ce in abin bai canza ba za ta kai maganar wurin mai gidan da muke haya. Matata ta ce a nemo wa karen wani wuri. Na dubi Baba. Sai ya ɗora hannu a kan Sajan. A nan na san ba inda karen nan zai je.

Na kai shi wurin likitar dabbobi. Ta ɗora shi a sikeli, ta dubi sikelin, ta dube ni, ta tambaya ko kare na kawo ko buhun siminti. Na gaya mata gaskiya, cewa rabin abincin Baba a ƙarƙashin tebur yake ƙarewa. Ta ce Sajan ba mugu ba ne, zaman banza ne da kewa suka yi masa yawa. Ta buɗe durowa ta fito da marigayin. Ta ce a riƙa cusa masa karas da kokwamba da dafaffiyar kabewa da tuffa wadda aka cire wa 'ya'ya, a sa shi a firji ya daskare, sannan a ba kare ya yi ta fama. Ta haramta albasa da inabi da cakulan da dafaffen ƙashi, ta kuma haramta hannun Baba.

Da na kawo labari gida, Baba ya yi maganar da ta fi kowace tsawo tun zuwansa.

"Karas? Da na san zomo kuke so, ai da zomo na zo muku da shi."

Amma a ranar Sajan ya yi minti arba'in yana juya ƙwallon nan da hanci, yana danne shi da ƙafa, yana lasa. Duk sanda ya ciza, sai marigayin ya ce, "Tsiii." Da wannan ya samu sunansa. Nas ta yi barcinta har la'asar, ni kuma na gama riguna biyu ba wanda ya ja mini ƙafar wando.

Bayan kwana uku Baba ya tsaya a ƙofar kicin yana kallon matata tana yanka karas. Ya ce yankan ya yi girma, zai toshe ramin, kare ya gaji ya bari. Ta miƙa masa wuƙar don ta ga iyakarsa. Tun daga ranar bai mayar mata ba. Kullum da safe zai wanke ƙwallon da tsohon buroshin haƙori, ya yanka karas sirara, ya jefa ɗaya a ciki, ɗaya a bakinsa. Yana yi yana ba Sajan labarin Mama, mu kuma muna jin rabonmu daga ɗakin gaba.

Marigayin mai haƙuri ne. An cije shi, an jefa shi, ya faɗa bokitin wanki, ya kwana a kwata har sau biyu, bai taɓa cewa komai ba sai, "Tsiii." Ba zan ɓoye aibinsa ba, yana son kwanciya inda ba a zata. Wata rana wani babban mutum ya zo awon kwat, ya zauna a kujerar baƙi da dukkan nauyinsa, sai marigayin ya yi magana daga ƙarƙashinsa. Mutumin bai sake dawowa ba, amma mun yafe.

Ciwon ajalinsa ya fara ne watanni uku da suka wuce. Muryarsa ta dishe, "tsiii" ta koma "fsss." Sai wata 'yar tsaga ta fito a bakin ramin. Na gwada ɗinke ta da babbar allura, zaren ya yanka robar. Na kai shi wurin mai faci, ya juya shi, ya ce shi taya yake wa faci, ba abin da zai shiga baki ba. Likita ta ce mu sa ido, da zarar ya fara gutsurewa a ɗauke shi kafin Sajan ya haɗiye wani yanki.

Ranar Laraba ina kan keken ɗinki na ji "ɓas" daga kicin. Na tarar da Baba riƙe da cokali, da ƙotarsa yake tura abu cikin ramin, marigayin kuma a buɗe gabansa. Matata ce ta binciki gawar. A bakin ramin ta samu karas. A bayansa kabewa. Can ƙurya kuwa, inda ido ba ya kaiwa, sai ga soyayyen nama kamar babban yatsa. A take muka gane dalilin da sikelin likita ya tsaya wuri ɗaya tun bara.

Matata ta ce, "Baba, tun yaushe?"

Ya ce, "Ranar Laraba kawai. Ranar da uwarku take ba shi ke nan."

Matata ta tsaya riƙe da naman. Sai ta miƙa wa Sajan, ta juya ta ɗora ruwan shayi.

Marigayin ya rasu ya bar Sajan, wanda ke zagaya firji yana kuka ƙasa-ƙasa. Ya bar Baba da wuƙa da buroshi. Ya bar wata igiya mai ƙulli da ba wanda ke ganin girmanta, da rabin ledar karas. Ya kuma bar magaji, wani shuɗin ƙwallo da matata ta sayo jiya, wanda Sajan ya shinshina sau ɗaya ya ba shi baya. Likita ta ce a shafa wa magajin kabewa a yi haƙuri. Nas ta riga ta zo gaisuwa, ta kuma tambaya cikin ladabi kwana nawa za a yi ana makoki.

Za a binne shi ranar Asabar da ƙarfe goma na safe a bayan gida, gindin lemo, cikin kwalin takalmi da na shimfiɗa wa ragowar yadi mai sulɓi. Masu zuwa kada su kawo biskit ko ƙashi. Ana karɓar karas.

Abu ɗaya ya ɗaure mana kai, in Sajan ya ga inda aka sa shi, kafin mu wanke hannu ya tono. Muna cikin shawara Baba ya ce shi zai fita da Sajan har ƙarshen layi, su jira a rufe ramin a ɗora dutse. Tunda Baba ya zo gidan nan bai taɓa wuce ƙofar waje ba sai in asibiti za mu. Daren jiya ya ba ni wandonsa na fita, ya ce in rage masa ƙugu.

Saboda haka wanda ya gamu da wani dattijo da ƙaton kare a kan layi ranar Asabar, ya gaishe su duka biyun, ya yi musu ta'aziyya, kuma kada ya ce musu an gama. Su dawo sanda suka ga dama.