Layar Wuyan Amir

Wani ne a Tumfure, can ƙarshen garin Gombe, inda in ka hau keke napep daga kasuwa sai ka yi barci ka farka ka tarar ba a iso ba. Bafulatani ne, amma irin namu na cikin gari, wanda in aka ce ya tatso nono sai ya zagaya saniya yana neman makunni. Yana da mata, Halimatu Sadiya, 'yar unguwar Kumbiya-Kumbiya, da ɗa guda, Amir, ga kuma wani cikin ya fara turo zani.

Mutumin nan ba shi da ciwo sai na ɗaukar hoto. Yaro ya yi hamma, ƙyas. Yaro ya yi atishawa, ƙyas. Ranar da Amir ya fara tafiya, da baya da baya ya riƙa bin sa yana bidiyo har ya zauna cikin bahon wanki. Amma fa ko hoto ɗaya bai taɓa tura wa kowa ba. Wai baki. Ranar bikinsa shi da kansa ya hana kowa ɗaga waya. Ranar suna kuwa a bakin ƙofa ya tsaya kamar ɗan sanda, duk wanda ya zaro waya sai ya ce, "Malam, addu'a aka gayyato ka, ba aikin jarida ba."

To ka ga ke nan biki, suna, rarrafe, haƙorin farko, duk duniya babu mai su sai wayarsa. A ciki har da wani ɗan bidiyo da Sadiya ke ji da shi kamar ranta: mahaifinta ranar suna, ya rungume Amir yana yi masa addu'a, yaron ya tsula masa fitsari a babbar riga, tsohon ya yi ta dariya har hularsa ta faɗi. Bai daɗe ba bayan nan Allah ya yi masa rasuwa. Duk ranar da kewa ta taso mata, sai ta ce, "Baban Amir, ba ni Baba in gani."

Ana nan sai waya ta cika. Kullum sai ta rubuto masa wuri ya ƙare. Ga haihuwa tafe, ina za a sa sabon jariri? Ana cikin haka kuma aka fizge wayar maƙwabcinsa a cikin keke, da rana tsaka. Mutumin naku bai yi wata-wata ba. Ya cusa waya cikin safa, ya nufi kasuwa wurin Lazarus mai gyaran waya.

"Lazarus, iyalina nake so ka fitar mini daga cikin wayar nan."

Lazarus ya kwashe komai ya zuba a memori, ɗan baƙin abu kamar farcen jariri. Ya ce, "Oga, bari in bar kwafi a wayar, in ɗora maka wani a intanet."

"Intanet? Wato in ɗauki matata ba mayafi in kai wa Bature ajiya? Goge na wayar!"

"Oga, in na goge fa shi ke nan, sai wannan ɗaya."

"Goge na ce! In ɓarawo ya fizga, ya tarar da kango."

Aka goge. Ya fito yana tafiya kamar wanda ya ci zaɓe.

Sai kuma tunani ya taso: ina za a ɓoye? Ƙarƙashin katifa, Sadiya tana kakkaɓewa. Cikin silin, ɓerayen Tumfure ko cokali ba su bari. Aljihu, wanki. Akwati, ai nan ɓarawo ke fara sallama. Yana tafe yana magana shi kaɗai sai ga shi a gaban rumfar wani baduku. Ya tsaya cak. Ya bugi goshinsa.

"Kai, amma Allah ya yi mini kai! Wane ɓarawo ne a Gombe zai saci laya? Ɗan ƙwace ma in ya ga laya gaishe ta yake yi."

Nan take ya sa aka naɗe memori a takarda, aka ɗinke da jar fata, ninki biyu. Yana isa gida ya rataya wa Amir a wuya. Ya ce a ransa, yaro ya riƙe tarihinsa da kansa.

Sadiya ta leƙo daga kicin. "Baban Amir, yaushe muka fara laya a gidan nan?"

"Ke dai bar ta a wurin."

"To hotunan fa? Na duba wayarka ban ga ko ɗaya ba."

"Suna inda kike ganinsu kullum, amma ba ki san kina ganinsu ba."

"Ni ba wasa ƙwaƙwalwa na tambaye ka ba. Bidiyon Baba yana ina?"

"Hajiya, ko da tankar yaƙi aka zo ba a kai gare shi. Asirin da mace ta sani, unguwa ta sani. Ki bar wa maza aikinsu."

Ta kalle shi sama da ƙasa, ta koma wurin tukunyarta.

Ba a jima ba sai ga Iya, mahaifiyarsa, daga ruga, da ƙwaryar kindirmo da man shanu. To ku kun san halinmu da fulako. Mutumin da ke birgima a ƙasa yana ɗaukar yaro hoto, da Iya ta shigo sai ya zama kamar bai taɓa ganin yaron ba. Ɗan fari ne, ko sunansa ba ya kamawa a gabanta. In Amir ya hau cinyarsa sai ya kau da kai ya ce, "Wai ɗan waye wannan yake damun mutane?"

Iya ta ɗauki jikanta tana jujjuya shi, sai hannunta ya taɓa laya.

"A'a! Ashe har yanzu da sauran hankalinka. Me ke ciki?"

Gumi ya karyo masa. Yanzu da girmansa, da gemunsa, ya buɗe baki ya ce wa uwarsa, Iya, hotunan matata ne da ɗana na fari, saboda tsabar so na ɗinke su a fata? Gara ƙasa ta tsage ya shige.

"Tsari ne, Iya."

"Tsarin me?"

"Na... komai da komai. Duk abin da ke wurinta ba ya ɓata, ba ya lalacewa."

"Ikon Allah. Wane malami ya ba ka?"

"Malam... Lazarus."

"Lazarus? Ban taɓa jin sa ba."

"Ba ya son suna, Iya. Amma layi ake yi a wurinsa. Wasu ma sai su bar abinsu ya kwana."

Iya ta gyaɗa kai. Ta buɗe bakin Amir ta ga haƙora reras, ta tambayi Sadiya ko ya yi zawo da suna fitowa, aka ce ko kaɗan. Ta ga yadda yake danna tuwo kamar lebura. Ta sake kallon layar, ta daɗe tana kallo. Sannan ta ce karsanar da aka ba yaron ranar suna ba ta jin daɗi, ta daina kiwo, duk ta rame. Gogan naku ya ce, "Allah ya sawwaƙe," hankalinsa na kan yadda ya tsallake rijiya.

Iya ta gama kwanakinta ta koma. Aka ci gaba da zama. Waya ta samu wuri, ya koma ƙyas-ƙyas ɗinsa. Kullum yana kallon yaron, amma ta cikin gilashin waya, fuska kawai yake nema.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, Sadiya tana zaune a tabarma, ciki ya tsufa, ƙafa ta kumbura. Ta ce a hankali, "Baban Amir, in namiji na haifa sunan Baba za a sa. Yau shi nake son gani. Ciro mini shi daga inda ka ɓoye."

Ya miƙe ya gyara wuyan riga. "Yau za ki san wa kika aura. Amir, zo nan!"

Ya sa hannu a wuyan yaro. Wuya sumul. Ya ɗaga riga. Ya duba ƙugu. Ya juya yaron ƙafa sama kai ƙasa ya girgiza, sai gyaɗa guda biyu suka faɗo.

"Sadiya, ina layar?"

"Wacce? Au, wannan jar? Ai Iya ta tafi da ita."

"Ta me?"

"Ranar da za ta koma, kana shago. Ta ce karsanar ta yaron ce, layar ma tasa ce, bari ta kai wa dabbar ta samu sauƙi. Ni da dama ba son ta nake ba, da hannuna na kwance, har leda na sa mata. Na ce Iya ki riƙe gaba ɗaya, ba sai kin dawo da ita ba." Ta tsaya. Ta kalli fuskarsa. "Baban Amir. Me ke cikin layar nan?"

Waya ya zaro, ya kira Kawu Joda, ƙanin Iya, mai kula da garken. Sai da aka je aka nemo shi, ya hau kan suri don ya samu sabis. Sadiya ta ce, "Sa a lasifika."

"Jam, ɗana! Ya gari? Ya iyali? Ya mai ciki? Ya ɗan yaron? Ya ruwa a wajenku?"

"Lafiya, Kawu. Kawu, layar..."

"Ya kasuwa? Ya maƙwabta? Ya mai keken nan da ya kai ni tasha bara?"

"Duk lafiya! Kawu, layar da Iya ta kawo!"

"Kai, ɗana, Allah ya yi maka albarka! Wannan malamin naka ba na wasa ba ne. Muna rataya wa karsana, kafin a ce me ta miƙe, ta ci, ta sha, har ta tunkuyi Shu'aibu mai taya ni kiwo."

Ya sauke ajiyar zuciya. Ya kalli Sadiya yana murmushi. "Alhamdu lillahi. To Kawu, kar a taɓa ta. A bar ta a wuyan, gobe da asuba ina hanya."

"Wane wuya?"

"Wuyan karsanar."

"Haba ɗana. Shanu nawa gare mu? A ce guda ɗaya ta sha albarka sauran na kallo? Ai zama muka yi, muka farke fatar. Ba mu ga rubutu ba, sai wani ɗan baƙin abu kamar farce. Muka ce to, maganin zamani ne, shi ya sa ba shi da yawa."

"Kawu... ina abin yake?"

"Mun daka shi da kanwa. Da tauri kuwa, sai da aka sake taɓarya. Duk garken ya lasa, ba wadda aka bari."

Fulako ya tashi aiki. Mutumin naku ya kurma ihu har kajin maƙwabta suka watse.

"Kawu! Aurena kuka ba shanu! Bikina ne a ciki! Sunan ɗana ne a ciki! Matata ce a ciki, da lallenta! Surukina ne a ciki, da babbar rigarsa!"

Sai kukan saniya daga nesa.

"Duk a cikin ɗan abin nan?"

"Duk!"

"Allahu Akbar. Shi ya sa jan bijimin nan tun ranar yake kallona kamar ya san ni. To ɗana, tunda ya karɓe su, in ka koma wurin malamin ka karɓo mana guda biyu."

Sabis ya ɗauke.

Amir ya tsince gyaɗarsa yana ci. Sadiya ba ta yi kuka ba, ba ta yi faɗa ba, ta dai zuba masa ido, irin kallon da ya sa ya gwammace a ce faɗan ta yi. Ya durƙusa a gefen tabarma, ya cire hula.

"Hajiya. Gimbiya. Ni jaki ne, na yarda. Jakin ma na aro. Amma ki saurare ni, akwai dabara."

"Wata dabarar kuma?"

"Sakewa za mu yi! Komai da komai. Amir, sauka ƙasa, yi rarrafe! Rarrafe na ce, ba gudu ba! To bar shi, in jaririn ya zo sai mu ɗauke shi mu ce Amir ne, wa zai gane? Babbar rigar Baba tana wurin yayanki, kuma ta baya sak Baba ne. Sai ya saka, ya rungumi jariri, mu ba yaron ruwa da yawa mu jira. Bikin ma mai sauƙi ne. Leshinki yana nan, a kira mai lalle, a kira ƙawayenki, a kafa rumfa a Kumbiya-Kumbiya, a sake komai sabo fil, har ya fi na farko kyau. Me kika ce?"

Sadiya ta dafa bango ta miƙe a hankali, ta gyara ɗaurin zaninta.

"Na yarda, a sake komai. Amma a fara da angon."