Gidan Wasan Da Na Gina A Waya

Ba zan taɓa mantawa da ƙaramar Sallar da na ja zugar mutane, da kulolinmu da tabarmarmu, zuwa gidan wasan da babu shi a ko'ina sai a bakina ba.

Lokacin da na samu aikin jinya a Landan, na bar 'yata ta fari a Kano a hannun mahaifiyata, Hajiya, tana 'yar shekara huɗu. Mijina, Malam, ya tsaya can yana koyarwa kafin takardunsu su fito. Duk wanda ya tashi a gida irin namu ya san kunyar ɗan fari. Ban taɓa kiran sunanta ba, ban taɓa ɗaukarta a gaban mutane ba, ko faɗuwa ta yi sai in kau da kai in jira wani ya ɗaga ta. Ita ma ta tashi tana ce wa Hajiya Umma, ni kuma Anti. A Kano abin bai dame ni ba, tunda tana gabana ina satar kallonta. Amma da na tare a unguwar Thamesmead, cikin waɗancan gidajen simintin, sai na gane waya ba ta san kara ba. In Hajiya ta miƙa mata wayar, in tambaye ta ko ta ci abinci, ta ce e, in tambayi makaranta, ta ce lafiya, sai mu yi shiru muna jin numfashin juna. Kewarta na cin raina, amma ta yaya zan faɗa, Hajiya na zaune a gefenta?

Wata rana ina dawowa daga aiki a saman bas mai bene, na hango an kewaye wani ƙaton fili a bakin kogi da katako, an manna zane a jiki. Na sauka tun ban kai tashata ba. Gidan wasa ne za a gina. Ga wani lilo mai juyawa kamar ƙafar keke, tsayinsa ya wuce benaye. Ga jirgin ƙasa na yara yana ratsa cikin dutse, ga tafki da ruwa ke zubowa cikinsa daga sama, ga dogon otal mai baranda kala-kala. Kowa a zanen dariya yake yi, kuma rana ta fito tarwai (nan ya kamata in fara zargin mai zanen bai taɓa zama a garin nan ba). Na ɗauki hoto da wayata.

Ran nan na samu abin faɗa. Ina cikin ba ta labarin sai na ji ta ce, "Anti, in mutum ya hau lilon zai hango Kano?" Tambayar farko ke nan da ta taɓa yi mini don kanta. Na ce zai hango har rufin gidan Hajiya. Muka yi ta hira har Hajiya ta karɓe wayar tana mitar caji.

Daga nan na zama mai kawo rahoton gini. Kullum in bas ta wuce ina hango injinan ɗaga kaya ta saman katangar, in je in ce an kafa ƙafar lilo, an haƙa tafki, an shimfiɗa titin jirgi. Da abin da ke zanen ya ƙare, na fara ƙari daga aljihuna. Na sa mai tsire a bakin ƙofa. Na kawo raƙumi, har na raɗa masa suna. Kuma na yi mata alkawarin ba zan taka wurin ba sai ranar da za mu shiga tare. Wannan alkawarin na riƙe shi gam. Ko da aka cire katakon, dogayen benaye masu baranda kala-kala suka bayyana, na ce ai ga otal ɗin nan, sauran suna bayansa. Ban leƙa ba, ban bincika a waya ba. Ni a ganina amana nake riƙewa.

Sai da ta kusa shekara goma suka iso ita da Malam. A filin jirgi ta durƙusa ta gaishe ni kamar ta ga ƙanwar kakarta, ni ma na amsa ina kallon akwati. A gida ba ta magana sai an tambaye ta, kuma da tsohon zanin Hajiya take lulluɓa. Tsoro ya kama ni sosai. Na ga kamar na zo neman abin da zan rufa mata asiri da shi, na yi asarar ita kanta. Sai na ɗora duk burina a kan gidan wasan nan, cewa shi zai gyara tsakaninmu.

Da Sallah ta zo, maimakon in ɗauki 'yata mu tafi shiru, sai bakina ya ja ni. Mu Kanawa ba ma yawon Sallah mu kaɗai. Na gayyaci maƙwabciyata Anti Ramatu, 'yar zangon Kumasi mai sayar da atamfa a kasuwar Deptford, da 'ya'yanta uku haifaffun nan. Na yi waina da miyar taushe, ita ta yi shinkafa da wake. Babbar 'yarta ta dube ni ta ce, "Auntie, there's nothing there," wato babu komai a wurin. Na ce wa uwarta ai yaran Landan sun ƙoshi da gani, komai sai su raina. Anti Ramatu ta ce da Hausarta ta zango, "Ƙyale shi, yarinya nan bai san komai ba." Malam dai ya ɗauki kula ya biyo mu.

Ni ce a gaba, cikin leshi da ɗauri mai tsayi. Muka sauka daga bas, na nufi bene mafi tsawo, ƙofar gilashi ta buɗe da kanta, na juyo na dubi jama'ata irin kallon kun gani ko. Ciki tas, ga furanni, ga wani dattijo cikin kwat a bayan tebur. Na gyara murya, na ce da Turancin asibiti a ba mu tikitin manya uku da na yara huɗu, kuma muna so mu fara da babban lilo.

Ya ce wane flat muka zo. Na ce ba flat ba, gidan wasa. Ya ce nan gidajen mutane ne. Mai hankali da nan zai ja jiki ya fita, ni kuwa na zaro waya na nuna masa hoton zanen, ina buga yatsa a kan lilon, ina ce masa shekara da shekaru ina kallon ginin nan da idona. Muryata ta cika wurin. Wata mata da ta fito daga lif da ɗan karenta ta tsaya tana kallon kulolinmu. Dattijon ya sa tabarau ya duba, ya yi murmushi mai tausayi (wanda ya fi zagi ciwo), ya ce ya tuna zanen. Tun da daɗewa aka fasa, aka mayar da filin gidaje. Injinan da nake gani waɗannan benayen suke ɗagawa. Amma an bar ɗan wuri a baya, in muna so.

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ban iya duban inda 'yata take ba.

Muka zagaya baya a jere. Tafkin da ruwa ke zubowa cikinsa ya zama kududdufi, wanda na bayan gidanmu a Kano ya fi shi girma in damina ta yi kyau. Jirgin ƙasan yana nan, na siminti, a kafe, yara na hawa suna dira. Inda babban lilo zai tsaya an shafe shi da kwalta ana ajiye motoci. Abin da ke motsi kawai wasu kwale-kwale ne masu siffar agwagwa, da ake tuƙawa da feda kamar keke, ɗaya ma an ɗaure mata wuya da salatif. Mai tsire da raƙumi kuwa, wannan ba laifin kowa ba ne.

Anti Ramatu, Allah ya saka mata, ta shimfiɗa tabarma ta ce wuri ya yi kyau, a zuba abinci. Malam ya ce iska dai akwai ta. Ni na koma gefe na zauna a kan benci, na bar musu wainar da na tashi da asuba na soya. Ba dariyar mutane ce ta dame ni ba. Tunani nake abu ɗaya tak da na taɓa bai wa yarinyar nan, shi ma ƙarya ya zama.

Sai na ji 'yata ta taɓa gefen mayafina. "Anti, zo mu hau agwagwa."

Muka hau mai ɗaurarren wuyan. Ƙafata ta fi tata ƙarfi, don haka agwagwar ta yi ta zagaye wuri ɗaya, ni ina fama da zani, ita tana danne dariya. Can ta nuna wajen motocin ta ce nan ne lilon, ko? Na ce nan ne. Ta nuna kwandon shara ta ce nan mai tsire yake zama. Ta bi wurin kaf tana ajiye kowane abu a inda na faɗa mata shekarun baya, ba ta manta ko ɗaya ba. Na ce ta yi haƙuri, wallahi ban san ba a gina ba.

Ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Ni dai ranar da kike ba da labarinsa kin fi daɗewa a waya."

Sai ta miƙe tsaye za ta nuna mini ɗakin raƙumi. Agwagwar ta karkata, ƙafarta ta zame. Ban san lokacin da na ƙwalla kira ba.

"Safiyya!"

Na cafko ta na rungume. Duk wanda ke bakin kududdufin ya ji, har Malam da ya tsaya da waina a hannu, don tunda aka raɗa sunan bai taɓa jin sa a bakina ba. Daga baya na ga ruwan ko gwiwa bai kai ba. Anti Ramatu ta rangaɗa guɗa, mutanen baranda suka leƙo. Kunya ta biyu ke nan a rana ɗaya, amma wannan karon ban saki ba, ita ma ba ta zame ba. Agwagwar ta ci gaba da juyi da mu.

Darasin da na koya shi ne, in ka ga zane mai rana tarwai a Landan, je ka leƙa bayan katanga kafin ka soya waina ka tara jama'a. Har yau Anti take ce mini, kuma har yau in na bi ta gaban benen nan sai in sunkuyar da kai kada dattijon ya gane ni. Sai dai duk ranar da ba ni da aiki, Safiyya takan saka takalmi ta tsaya a bakin ƙofa, ta ce in taso mu je mu duba ko an kawo raƙumin.