Ranar da Na Kama Turawa da Satar Kogi

Kwas ɗin sati biyu kacal ofis ya tura ni Japan, amma na dawo ina ji kamar can aka yanke min cibiya. Shi ya sa wata Asabar na sayo faifai biyu a kasuwar Utako, katun ɗin da yarana ke so, na Japananci da na Turanci, don in gwada su.

Na kunna ɗaya a talabijin, ɗaya a kwamfuta. A na Japan kyanwa ta faɗa kogi, ana ta kuka. A na Turanci kuwa ko ɗigon ruwa babu, biki ma ake yi.

Na miƙe na ƙwala wa matata kira. "Maman Ummi, zo ki ga ha'inci! Turawa sun cire kogi sukutum!" Har maƙwabci na kirawo, na yi musu lacca, na haramta na Turancin a gidana.

Ummi, 'yata mai shekara bakwai, ta ɗaga kwalayen. "Baba, wannan kashi na huɗu ne. Wancan na tara."

Maƙwabcin ya fita riƙe da ciki don dariya. Har yau, in aka ɗauke ruwan famfo, sai matata ta leƙo: "Oga, Turawanka sun dawo."