Sirrin da Na Zuba wa Injin Shawara

Ko da zan manta duk abin da aka koya mini a kwaleji, ba zan taɓa mantawa da wata Litinin da na tsaya a ofishin Malama Balkisu ina roƙon Allah ƙasa ta tsage in shige ba. Har yau in na tuna, sai in ji kunnuwana sun ɗau zafi.

Ni 'yar Fakku ce, cikin ƙasar Kebbe, kuma ni ce ta farko a gidanmu da ta wuce sakandare. Tun ranar da na samu gurbi a kwalejin horar da malamai, Baba ya ajiye sunana ya koma kirana "Malama". Ko a kasuwar Kebbe ya gamu da wanda bai tambaye shi ba, sai ya san yadda ya yi ya sako zancen ɗiyarsa da ke kwaleji. (Inna ta ce har shanunsa sun haddace labarin.)

To, cikin hutun damina, bayan mun gama shekarar farko, sakamako ya fito. Na duba a waya, na sake dubawa, na goge fuskar wayar da gefen mayafi na kuma dubawa. Ba abin da ya canza: na faɗi kwas ɗin Ƙididdiga ta Ɗaya. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne, in mun koma akwai Ƙididdiga ta Biyu tana jira, kuma na sha jin manyan ɗalibai na cewa mai irin wannan kariyoba, wato kwas ɗin da aka faɗi, ba ya bin 'yan ajinsa zuwa koyon aikin koyarwa. Ma'ana, ƙarin shekara guda. Da Baba ya tambaye ni yadda jarrabawa ta kasance, sai na ce, "Alhamdu lillahi, Baba." Ban ce na ci duka ba, amma ni da shi mun san abin da ya fahimta.

A ƙa'ida, wadda ya kamata in kai wa kukana ita ce Malama Balkisu, malamar da aka ɗora wa kula da ajinmu. Ita ke duba kwasa-kwasan da kowa ya zaɓa, ita ke sa hannu a fom ɗin rajista. 'Yar Tambuwal ce, doguwa, mai tabarau, kuma ban taɓa ganin haƙorinta ba. Kullum fuska a ɗaure, shi ya sa muka laƙaba mata suna Hadarin Gabas. (Na ce "muka" ne don in raba laifin. Ni na ƙirƙiro sunan.) Tana da wani takalmi mai ƙara ƙiiƙ-ƙiiƙ, tun daga nesa in mun ji shi kowa ke gyara zama. Sau ɗaya na taɓa shiga ofishinta, na miƙa fom, ta sa hannu, na fito ba tare da na ɗaga kai ba.

Da abin ya ishe ni, sai na kira ƙawata Saratu, 'yar Dogon Daji, wadda muke ɗaki ɗaya a makaranta. Ta saurare ni har na gama shessheƙa, sannan ta ce, "Ke, mi kika yi wa kuka? Ba ki san kwaleji ta buɗe zauren shawara ga shafinta na intanet ba? Ki shiga ki rubuta tambayarki, a ba ki amsa."

"Wa ka amsawa?" na tambaya.

"Inji na, ba mutum ba. Irin kwamfutocin ga na zamani da suka magana kamar ɗan Adam. Ko zaginai kinka yi bai sani ba."

Ban tambaye ta inda ta samo wannan ilimi ba. Saratu ce ta koya mini yadda ake tura hoto a waya, saboda haka a wurina maganarta kan fasaha fatawa ce.

Matsala ɗaya, a gidanmu babu sabis. Sai an hau wani tudu a kan hanyar gonarmu, gindin wata tsamiya, sannan waya ke farfaɗowa. Ni da a da sai an yi rigima kafin in kai abinci gona, sai ga ni tun hantsi ina tambayar Inna ko fura ta yi in ɗauka.

Rana ta farko na buɗe shafin. Ya ce in sa lambar rajistata, na sa. (Mai karatu, riƙe wannan. Ni ban riƙe ba.) Na rubuta tambayata da Turanci, a ladabce: wadda ta faɗi Ƙididdiga ta Ɗaya, me za ta yi? Nan take saƙo ya fito cewa an karɓi tambayata, za a amsa. Na ce lalle Saratu ta yi gaskiya, mutum ba ya irin wannan saurin.

Washegari na tarar da amsa, tsaf-tsaf. An ce kada in tsorata. Zan iya sake ɗaukar kwas ɗin a zangon da ake koyar da shi, in jinkirta wani kwas na zaɓi don kada nauyin ya wuce abin da aka yarda ɗalibi ya ɗauka. In na ci, babu abin da zai hana ni fita koyon aiki tare da 'yan ajinmu. Har an haɗa mini da mahaɗin littafin dokokin kwaleji da tsofaffin tambayoyin jarrabawa. Na zauna a gindin tsamiyar nan ina karantawa, furar masu noma na ɗumama a rana.

Da nan na tsaya, da yanzu ba ni da labarin bayarwa. Amma wanda ya daɗe da abu a ciki, in ya samu mai saurare ba ya sanin iyaka. Turancina ya ƙare, na koma Hausa. Na rubuta cewa ban gaya wa Baba ba, kuma kullum ya kira ni Malama sai in ji kamar na yi sata. Na rubuta cewa tun firamare lissafi ke ba ni tsoro, kuma a ajin Ƙididdiga ban taɓa yin tambaya ba don kada a ce 'yar ƙauye ce. Amsa ta zo da Hausa: "Allah shi kyauta. Ba ke kaɗai ba ce. Rashin tambaya ne ya kayar da ke, ba rashin kai ba."

Na kira Saratu ina murna. "Ke, injin ga har Sakkwatanci ya iya!"

"Ai na gaya miki," in ji ta. "Suna koyon bakin mai magana da su."

A ƙarshen wannan amsar an ce in nemi malamar da ke kula da ajinmu don ta tsara mini fom. Nan ne fa shaiɗan ya karɓi yatsuna. Na rubuta: "Kai dai inji ne, ba ka san Hadarin Gabas ba. Matar nan ko jariri ta kalla sai ya tsorata. Ina jin tun da aka haife ta ba ta taɓa dariya ba." Na bayyana yadda take turo tabarau kan hanci. Na ba takalminta layi uku cur, har na ce ya kamata a yi karo-karo a sai masa man shanu. Na rufe da tambaya: shin akwai hanyar da za a sa mini hannu a fom ba tare da na ga fuskarta ba?

Wannan karon amsar ta yi kwana biyu. Da ta zo, gajeriya ce: "Babu wata hanya. Ta taɓa yi miki wani abu ne?"

Na yi tunani, na rubuta gaskiya: "A'a. Tsoronta kawai nake ji."

"To ki zo ofis ranar Litinin ta farko bayan hutu, ƙarfe goma. Ki zo da takardar sakamakonki."

Ki zo. Ba a ce ki je ba. Ni da nake shirin zama malamar makaranta, na karanta wannan jimla ya fi sau biyar ban ga komai ba.

Ranar Litinin ɗin na ja Saratu ta raka ni. Muka yi sallama. Malama Balkisu na zaune gaban kwamfuta, ba ta ɗago ba ta ce, "Lamba?" Na karanto mata lambar rajistata. Sai ta dakata da abin da take yi. Ta turo tabarau kan hanci, daidai yadda na siffanta, ta dube ni tun daga sama har ƙasa.

"Ke ta ɗiyar Fakku?"

"Ni ce, Malama."

"Shigo ki zamna. Kada ki ji tsoro, yau hadarin bai taso ba."

Da farko ƙwaƙwalwata ta ƙi karɓar maganar. Na ce a raina wataƙila zancen damina take. Sai ta sunkuya ta zaro ƙafa ɗaya daga ƙarƙashin tebur, ta nuna mini wani silifas mai taushi.

"Wancan na bar shi gida. Ban samu man shanun ba tukuna."

Wallahi ji na yi kamar an kwara mini ruwan zafi. Ta juyo da fuskar kwamfutar, ga saƙonnina jere reras, ga sunana da lambata da hotona na rajista a sama, ina murmushi kamar mutumiyar kirki. Na waiga in nemi Saratu. Saratu ta riga ta kai bakin ƙofa, tana karanta jadawalin da ke manne a bango kamar ranar za ta yi jarrabawarsa.

Na zame daga kujera na durƙusa. "Malama, don Allah ki gafarce ni. An ce mini inji ne."

"Saƙon farko na inji na," ta ce. "Sauran duk ni ta. Kowace malama ita ka amsa wa ɗalibanta. Yana rubuce ga saman shafin, ku dai ba ku karatu."

Sai na ji wani sauti da ban taɓa ji ba. Malama Balkisu ce ke dariya, har tana cire tabarau tana share ido. Ta ce ranar da ta karanta zancen takalmin, haushi ta fara ji, shi ya sa ta yi kwana biyu ba ta amsa ba. Daga baya ta karanta wa maigidanta, shi kuwa ya ce ai yarinyar ga ta faɗi abin da ya daɗe yana son faɗi.

Da dariyar ta lafa, ta ce in tashi in zauna. "Abin da ya dame ni ba sunan ba na. Shekara guda kina ajina, kina cikin wahala, amma kin gwammace ki hau tudu ki gaya wa ƙarfe da ki ƙwanƙwasa ƙofata. Wanga laifin ba naki ba na ke ɗai."

Ta ɗauki biro ta tsara mini fom, kwas bayan kwas, ta nuna mini wanda zan jinkirta. Ta haɗa ni da wata ɗaliba 'yar shekarar ƙarshe da za ta riƙa yi mini bitar Ƙididdiga. Da na miƙe zan fita, ta ce, "Saura abu ɗaya, shi kuma ba ni iya sa miki hannu gare shi. Ki gaya wa mahaifinki."

Ƙarshen makon na shiga mota zuwa Tambuwal, daga nan Kebbe, na ƙarasa gida. Na tarar da Baba yana ba shanu dusa. Na durƙusa na faɗa masa komai, kaina a ƙasa. Kafin in gama na fara kuka. Sannan ya ce, "Shi ke nan? Jarrabawa ɗaya?"

"Eh, Baba."

"Kuma ana sakewa?"

"Ana sakewa."

Ya sauke wata doguwar ajiyar zuciya. "Alhamdu lillahi. Ni duk daminar ga ina hangen ki gindin tsamiya kina danne-danne, kina kuka kina dariya. Na ɗauka wani ɗan birni na ka shirin ɗauke mini ke ba ki ƙare karatu ba. Tashi, Malama, ki tai ki ci tuwo."

Na sake kwas ɗin na ci, ba da wani babban maki ba, amma na ci, kuma na fita koyon aiki tare da 'yan ajinmu. Saratu kuwa har yau cewa take ita ma wani ne ya gaya mata.

Abin da na koya? Duk akwatin da aka ce in rubuta damuwata a ciki, ɗauka nake akwai babbar mace zaune a bayansa tana karantawa. Yanzu ko kira na yi, muryar nan ta ce mini lambar da nake nema a kashe take, sai na ce, "To, ranki ya daɗe, na gode," kafin in ajiye waya. Ba a sani ba.