Fatawar Ustaz Lawali a Kan Garantin Babur

Duk wanda ya zauna Hayyus Sabi' a shekarun da kayan waje suka fara cika kantunan Alƙahira, in ya ce bai san Ustaz Lawali na Gusau ba, to ba a unguwar yake kwana ba. Ai mutum ne! Ɗaliban da suka shigo Masar tare da shi duk gaggawa ta kwashe su, sun gama sun koma gida suna koyarwa. Shi kuwa don tsabar girmama ilimi, bai taɓa barin aji ba sai ya maimaita shi. Ɗalibai suka laƙa masa Muftin Bene, saboda daga barandarsa yake jefo fatawa, ko an tambaya ko ba a tambaya ba.

Mutum irin wannan bai kamata a gan shi yana lilo a ƙofar bas ba. Don haka ya sayi babur, ja wur, mai madubi biyu. A keken jaki aka kawo shi, Ustaz ya yi wa jama'a bayani cewa sabon inji ba a gajiyar da shi ranar farko. Ya sa mai gadin gida da ɗalibai suka ciccibe shi zuwa bene, wai don ɓarayi. Kashegari ya kira mai hoto, ya naɗa rawani, ya ƙwama baƙin tabarau, ya haye ya riƙe kan babur kamar mai shirin tsallake kogin Nilu. Aka aika hoton Gusau.

To, a falon nan babur ya zauna. Magana ta Allah, Ustaz bai iya tuƙi ba, ko keke bai taɓa hawa ba, kuma ya fi son ya faɗi jarrabawa goma da a gane haka. Matarsa Kulu kaɗai ta sani, ita da ke shanya kayan jariri a kan madubin. In ɗalibai sun tambaya yaushe za a fito da shi, amsa ba ta ƙarewa: yau Juma'a akwai cunkoso, gobe zafi ya yi wa taya yawa, jibi yana nazari.

Shekara na shirin cika sai Sada, wani ɗan Katsina mai bakin tsiya da ke zaune a benen ƙasa, ya hawo da saƙo daga Hajji Ramadan mai kantin babura. Garantin farko ya kusa ƙarewa, in Ustaz na so sai a ƙara masa. Sharaɗi ɗaya ne: ya tuƙo babur ɗin da kansa zuwa kanti, makanike ya ji muryar injin.



"Malam, ka saya mana," in ji Kulu. "Ko ba komai ya fita ya sha iska, ni ma in samu wurin shimfiɗa tabarma."

"Kulu, mas'alar ilimi ce wannan, ba ta tabarma ba."

Ya shiga bas zuwa Darrasa, unguwar masu sayar da littattafai, ya dawo da littattafai har haɓa. Ya yi kwanaki yana buɗewa yana rufewa, alhali hukuncin ya gama yanke shi tun kafin ya sauka daga bene. Sannan ya tara ɗalibai a falo, babur na tsakiya an goge shi yana sheƙi, ya gyara murya.

"Ya ikhwa, mene ne garanti? Ka biya yau don lalacewar da ba ta zo ba, watakila ma ba za ta zo ba. Wannan cinikin garari ne, ƙanin caca uwa ɗaya uba ɗaya! Ina tawakkali ya tafi? Ku dubi babur ɗin nan. Shekara guda cur, ko sau ɗaya bai taɓa mutuwa da ni a hanya ba!"

A nan kam ko maƙiyinsa ba zai ce ya yi ƙarya ba.

"Ko faci ba a taɓa yi ba, Ustaz?" in ji Sada, fuska a ɗaure.

"Abadan! Haramun ne, khalas, an rufe babi."

Aka yi kabbara, aka sha shayi. Ustaz ya ji wani sanyi a ransa, asiri ya rufu, kuma da ilimi aka rufe shi.

Ana haka sai ga surukinsa, Alhaji Ɗantsoho mahaifin Kulu, ya yada zango a Alƙahira a hanyarsa ta zuwa Makka. Tsohon dillalin dawaki da jakuna ne, kuma hoton nan yana rataye a zaurensa, duk baƙon da ya shigo sai an nuna masa.

"Malam Lawali," ya ce bayan an ci an sha, "ni ba dalar Fir'auna ta dame ni ba. A ɗora ni a bayan abin nan a kai ni in ga Nilu, in samu labarin da zan ba mutanen Gusau."

Wa ke ce wa suruki a'a? Ustaz ya lalubi fatawa, ya rasa wadda ta hana ɗaukar tsoho a babur. "To, Baba," kawai ya iya cewa.

Da hantsi aka sauko da babur. Ɗalibai suka yi cincirindo, matan Misirawa suka leƙo ta baranda, Sada kuma don zumunci har ya riga ya zuba mai. Fata ɗaya ta rage wa Ustaz: injin da ya shekara yana barci ai ba zai tashi ba. A zuci yake roƙon Allah Ya kawo lalacewar nan da ya ce ba ta zo ba. Ya taka kik a hankali, kamar mai tsoron tashin jariri. Babur ya ɗauka da ruri. Kai, masu ƙera abin nan ba su da tausayi!

"Yalla, Baba, bismilla," ya ce.

Alhaji ya ja da baya. "A'a. A sana'armu ba a hawa dabba sai mai ita ya zagaya da ita an gani. Fara tukuna."

Ustaz ya matsa abin da ya ga ana matsawa, ya saki abin da ya ga ana saki. Babur ya ɗaga ƙafar gaba ya zabura. Rawani ya warware ya bi iska. Ustaz ya ce "Tsaya!" da Hausa, ya maimaita da Larabcin littafi, babur bai ji ko ɗaya ba. Amalanken mai sayar da ful da ke kan kwana ne ya ji tausayinsa ya tare shi. Aka zaro Mufti daga cikin dafaffen wake, ba karaya ba targaɗe, sai fitila da ta tarwatse, Misirawa na kakkaɓe masa riga suna masa sannu da "Ma'alish ya Shaikh."

Bayan la'asar babur ya koma kanti yadda ya zo, a keken jaki. Alhaji da Sada na biye. Ustaz ya sake rawani, ya tsaya gaban Hajji Ramadan da sauran kwarjininsa.

"Na sake bitar littattafai," ya ce. "Akwai wani ƙauli, ko da yake mai rauni ne, da ya halatta garanti in larura ta kama. A rubuta mini mafi tsawo, ya haɗa har da fitilar nan."

Hajji Ramadan ya zagaya babur, ya taka kik sau ɗaya, inji ya amsa tamam. Ya kashe, ya dafa ƙirji cikin ladabi.

"Ya Maulana, garantinmu na aibin da ya fito daga jikin babur ne. Wannan kuwa lafiyarsa ƙalau. Matsalar tana wurin wanda ke zama a kansa, shi kuma ba mu muka ƙera shi ba."

Sada ya fassara wa Alhaji, bai rage ko harafi ba. Tsoho ya dubi surukinsa tun daga rawani har takalmi, ya gyaɗa kai.

"Gaya masa ya yi gaskiya," ya ce. "Ni ma haka na karɓe shi, babu garanti."