Kwafi Uku na Kundin Maman Yara

Wani ne ya ji abokan aikinsa suna yabon wata babbar manhajar kwamfuta ta kyauta. Wai ba a sayenta, kowa na iya buɗe cikinta ya gyara, kuma tsohuwar kwamfuta ma sai ta koma yarinya. Ya dawo gida da filas, ɗan abin ajiyar bayanan kwamfuta, a aljihu, yana tafiya kamar injiniya.

Matarsa malamar jinya ce. Shekara biyu tana rubuta kundin digirinta a kwamfutar falo, ranar Litinin za ta miƙa.

Da ta ga ya nufi kwamfutar, ta ce, "Baban yara, kundina yana ciki fa. Ka bari sai na miƙa."

Ya ce, "Haba Maman yara! Kwafi uku na yi masa. Uku! Ko banki ba ya irin wannan ajiya."

Ya zauna ya soka filas. Allo ya tambaye shi: a zaunar da sabuwar manhajar kusa da tsohuwar, ko a share komai? Ya yi tsaki.

"Ina aka taɓa direba biyu a mota ɗaya? Share!"

Allo ya sake tambaya ko ya tabbata.

"Ji min na'ura da rainin hankali. Ni da gidana?" Ya danna.

Kafin shayinsa ya huce an gama. Kwamfutar da sai an yi wanka an shirya kafin ta buɗe, yanzu kafin ƙiftawar ido ta tashi. Ya ƙwala wa matar kira ta zo ta ga ikon Allah.

Ta duba ta ce, "Ma sha Allah. Buɗe min kundina."

Ya danna nan, ya danna can. Wayam. Gumi ya fara keto masa. Matar ta kira ƙaninta mai gyaran kwamfuta, ta faɗa masa abin da ya faru, ta saki muryar wayar kowa na ji.

Ƙanin ya ce, "Yaya, kwantar da hankalinka. Ina ka ajiye kwafin farko?"

"Na buɗe sabuwar jaka a kan allo, na sa mata suna Ajiya."

"A cikin kwamfutar da ka share?"

"E mana."

"To, na biyun fa?"

"Yana cikin jakar Ajiya, can ƙasa. Ɓoye shi na yi sosai."

Ƙanin ya ce, "Na ukun?"

"A filas!"

"Alhamdu lillahi! Wane filas?"

"Wannan dai. Da na gama kwafa, sai na goge shi na ɗora sabuwar manhajar a kai. Ai guda ɗaya gare ni."

Ƙanin ya ce ana kiransa a shago, ya kashe waya.

Mutumin ya juyo yana murmushin yaƙe. "Amma Maman yara, tsakani da Allah, dubi yadda take gudu yanzu."

Ta sunkuya a hankali ta cire takalminta.

"Dole ta yi gudu, ba ta ɗauke da komai. Kai ma kanka ba komai a ciki, tashi mu ga naka gudun."